Dokinka Ne, Amma Wa Ke Riƙe Da Linzami?

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a ɗaya daga cikin ƙananan shagunan kwamfuta na Sabon Tasha, ko Kakuri, ko bakin titin Barnawa a garin Kaduna, ya san irin wannan zaman jiran. An ɗauke wuta, yaron shago ya ja janareta, an danna maɓalli. Allo ya kawo haske, amma kibiyar linzami sai juyi take yi a wuri guda. Fanka na huci, 'yar fitilar faifai ta kafe ko ƙiftawa ba ta yi. Ɗalibar da ta kawo kundinta daga reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha na Barnawa tana duban agogo, mai takardar neman aiki yana tsaki, shi kuwa mai shago maganarsa ɗaya ce: "Anti, ki ƙara haƙuri, ba ta gama tashi ba." Minti biyar, minti goma, mai yana ƙonewa, ba a buga ko harafi ɗaya ba.

Mukan ce kwamfutar ta tsufa, ko ta yi nauyi, ko bairos ya kama ta. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa kwamfutar nan ba barci take yi ba. Aiki take yi tuƙuru, har gumi take yi in da tana da shi. Abin tambaya shi ne: aikin wa?

Amsar tana nan a fili ga mai son gani. A danna Ctrl da Shift da Esc a tare, shafin Task Manager zai buɗe, ya jero duk abin da ke gudana a bayan fage. A tsohuwar kwamfuta mai Windows 10, layin faifan ajiya yakan nuna kashi 100 cikin 100 alhali mai ita bai buɗe komai ba. A ƙarƙashi za a ga sunayen masu cin abincin. Ga Windows Update yana neman sabon kaya. Ga Windows Search yana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana yi musu rajista. Ga SysMain yana ɗora manhajojin da yake zaton za a buɗe. Ga mai gadin gida, Antimalware Service Executable, yana caje duk abin da waɗancan suka taɓa. Sannan ga wasu biyu da sunansu ma ya faɗi sana'arsu: Microsoft Compatibility Telemetry, da Connected User Experiences and Telemetry. Na farkon yakan bi kwamfuta yana ƙidayar manhajojin da ke cikinta da kayan da aka haɗa mata, na biyun kuma shi ne ɗan aiken da ke kai rahoto gidan kamfanin Microsoft. Wannan kai rahoton shi ake kira telemetiri.

Sai mu yi adalci tun daga nan, domin a wannan batu ana yawan cakuɗa gaskiya da ƙari. Rahoton da ake aikawa ba shi da girman da wasu ke faɗi, kuma ba shi kaɗai ke durƙusar da kwamfuta ba. Abin da ke durƙusar da ita taron dangi ne. Tsohon faifan ajiya, irin mai juyawa, hannu ɗaya gare shi, wanda ke tsalle daga nan zuwa can yana karanto bayanai, kuma abin da zai iya a daƙiƙa bai wuce tsalle ɗari ko makamancin haka ba. Sabon nau'i, wato SSD, ba ya da abin da ke motsi a cikinsa, yana iya dubbai a daƙiƙa guda. Mutumin kudancin garin Kaduna ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya tuna gadar kogi ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello da safiyar Litinin, kowa daga unguwannin Television da Narayi da Makera yana son tsallakawa cikin gari. Tsohon faifai gadar nan ce. Takardar da kake son buɗewa 'yar Keke Napep ce a bayan layi, su kuwa ayyukan bayan fage jerin gwanon manya ne da jiniya. Sai sun wuce za ka wuce. Ƙara da ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 4 kacal, da ƙurar hunturu da ta toshe hancin fanka, da zafin watan Maris da ke sa injin ya rage gudu don kada ya ƙone, sai a sami kwamfutar da ke tafiyar hawainiya.

To in haka ne, me ya sa za a ɗora wa kamfani laifi? Ai sai a ce talauci ne ya hana mu sayen sabuwa. Ni dai ban yarda a rufe zancen a nan ba, kuma dalilina shi ne jigon wannan sharhi. Wanda ya tsara babbar manhajar nan ya tsara ta ne da wani irin mutum a ransa: mai wutar da ba ta ɗaukewa, mai intanet ɗin da ba a auna masa, mai kwamfutar da ba ta wuce shekara uku ba. A wurin wannan mutum, aikin bayan fage kyauta ne. Kwamfutarsa za ta yi shi da tsakar dare yana barci, bai ma san an yi ba. A Unguwan Romi ko Gonin Gora babu wannan tsakar daren. Kwamfuta ba ta kunnuwa sai lokacin da ake bukatarta, don haka duk aikin da ta tara sai ta sauke shi daidai lokacin da kwastoma ke tsaye. Kuma kowane minti da farashinsa.

A lissafa. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Yanzu a ɗauki mai shagon da ke kunna kwamfuta sau uku a yini saboda ɗauke wuta, kowane kunnawa da jiran minti goma. Rabin awa ke nan kullum, awa uku da rabi a mako, na janareta mai ƙugi ba tare da ko sisi ya shigo ba. Sannan ga datar. Yawancinmu da waya muke haɗa kwamfuta da intanet, ita kuwa kwamfutar sau da yawa ba ta bambance wayar talaka da layin ofis. Da ta ji intanet sai ta buɗe baki. Wanda ya sayi gigabait biyu don ya tura saƙo ɗaya, in ya yi rashin sa'a ya faɗo a makon Talata ta biyu ga wata, ranar da Microsoft ke sakin gyare-gyarensa, sai dai ya ji saƙon "datarka ta ƙare".

Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri za su fahimci wannan fiye da kowa. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, har zuwa lokacin da ita da 'yan uwanta suka yi shiru a shekarun 2000, kowane mai kula da layi ya san cewa injin da ke ƙugi bai fitar da yadi ba asara ce ake kallo da ido. 'Ya'yansu da jikokinsu da yawa yau da 'yan ƙananan sana'o'i suke riƙe da gida, ciki har da wannan ta buga takardu da zane da haɗa bidiyon biki. Jarinsu kwamfuta ɗaya ce, kuma wani ɓangare na ƙarfinta ana kashe shi a hidimar da ba su nema ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kamfanin yana da hujjarsa, kuma ba hujjar banza ba ce. Yana cewa Windows na gudana a kan kwamfutoci fiye da biliyan ɗaya, masu kayan ciki iri-iri, kuma in ba rahoto ke zuwa ba, ba yadda zai san wane gyara ne ya ɓata wa wa aiki. Gaskiya ne. Sai dai tarihin yadda aka shigo da wannan tsari bai nuna girmama mai kwamfuta ba. Windows 10 ta fito a 29 ga Yulin 2015. A cikin watanni aka gano cewa ana sauke fayilolinta, masu nauyin gigabait da dama, a kan kwamfutocin masu Windows 7 da 8 ba tare da sun nema ba, kuma kamfanin ya amsa cewa haka ne. A 2016 an kai matsayin da in mutum ya danna jar alamar rufe tallar sabuntawa, sai a ɗauka ya amince. A shekarar ne wata 'yar kasuwa a jihar Kalifoniya ta kai ƙara kan sabuntawar da ta lalata mata aiki, ta sami diyyar dala 10,000. Akwai kuma tsarin Delivery Optimization, wanda a farkon fitowarsa yake amfani da intanet ɗin mutum wajen tura wa wasu baƙi gyare-gyaren Windows, sai in mutum ya shiga ya kashe da kansa. Ka sayi data da guminka, a mayar da kai ɗan dako.

Game da ingancin da ake cewa rahoton na kawowa, a tuna cewa a 2014 kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata har 18,000, kuma masu gwajin manhaja na cikin waɗanda abin ya shafa. A Oktoban 2018 aka saki wata babbar sabuntawa da ta riƙa share fayilolin wasu mutane, har sai da aka janye ta. Mai hankali zai iya tambaya: shin rahoton ya zo ne ya taimaka wa masu gwaji, ko ya zo ne ya mayar da mu masu gwajin da ba a biya?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun zaɓi. A Windows 10 da 11 na gida da na ƙananan 'yan kasuwa, mutum zai iya rage rahoton zuwa matakin da aka kira na dole, amma ba a ba shi maɓallin kashewa gaba ɗaya ba. Wannan maɓalli yana nan, an dai keɓe shi ne ga nau'in manyan kamfanoni da na makarantu. Ma'ana, an san yadda ake kashewa, an zaɓi wanda za a ba dama. Windows 11 kuma, da ta fito a 5 ga Oktoban 2021, ta ƙara wani sharaɗi: nau'inta na gida ba ya yarda a gama ɗora shi sai da intanet da asusun Microsoft. A 2024 aka zo da Recall, mai ɗaukar hoton allon mutum a kai a kai don ya iya neman abin da ya gani a baya. Sai da masana tsaro suka yi ca, aka ɗage fitowarsa, aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa. Wannan ya nuna cewa ana jin magana, in masu maganar suna da nauyi.

Turai ta tabbatar da haka. A Yulin 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ba Microsoft wa'adin wata uku ya daina tara bayanan da suka wuce kima ta Windows 10. Ba ta rufe fayil ɗin ba sai a Yunin 2017, bayan kamfanin ya rage abin da yake karɓa a matakin ƙasa da kusan rabi. A Oktoban 2017 hukumar ƙasar Holan ita ma ta ce tsarin ya saɓa wa dokarta. A 2018 aka fito da manhajar da ke ba mutum damar ganin rahoton da kwamfutarsa ke aikawa. A 2024, saboda dokar kasuwannin zamani ta Tarayyar Turai, aka ba mutanen can damar cire manhajar shiga intanet ta Edge daga Windows, abin da a da ake nuna kamar ba zai yiwu ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka bayar don Allah. Matsa lamba aka yi.

Mu ma yanzu muna da sanda. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta shafi har kamfanonin waje matuƙar suna sarrafa bayanan mutanen da ke cikin Nijeriya, kuma ta fayyace cewa shirun mutum ba amincewa ba ne. An kuma ga cewa hukumominmu na iya tunkarar manya: a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220, a 2025 kuma NDPC ta ɗora masa tata. Abin da nake fata shi ne idon da ke kan dandalin sada zumunta ya sauko kan babbar manhajar da komai ke zaune a kanta. Tara ba ita ce bukata ta farko ba. Bukatar ita ce a tambayi kamfanin abubuwa masu sauƙi: me ya sa zaɓin da Bature ke samu ba zai kai ga mutumin Nasarawa da Kudenda ba? Me zai hana a ƙasar da kusan kowa ke sayen data da awo, kwamfuta ta fara da ɗaukar cewa intanet ɗin na awo ne, sai in mai ita ya ce a sake?

Maganar ta ƙara zafi tun daga 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ga kowa da kowa. An buɗe ƙofar ƙarin shekara guda, amma da sharaɗi: ko ka biya dala 30, ko ka ba da makin ladan kamfanin, ko ka haɗa saitin kwamfutarka da asusunsa. Mutanen Turai, bayan ƙungiyoyin masu saye sun yi magana, an sassauta musu. Ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan. Mun san inda wani kaso na irin wannan shara kan nufa. Za a loda su a kwantena, su sauka Legas, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su iso mana da sunan gwanjon Landan mai tsafta. Jikinsu garau ne, amma a takardar kamfani wa'adinsu ya cika.

A nan dole in juyo da baki gida, domin maganin da muke sha wani lokaci ya fi cutar illa. Hanya ta farko ita ce "a yi mata fomatin". Ana share komai, a ɗora sabuwar Windows, kwamfuta ta yi sauƙi kwana biyu, sannan ta fara sauke duk gyare-gyaren da ta rasa, a koma gidan jiya, an yi asarar kuɗi da fayiloli. Hanya ta biyu ita ce ɗora Windows ɗin da wani wanda ba a sani ba ya yi wa aski ya saka a intanet, tare da manhajar fasa lasisi, wadda sai an kashe mai gadin kwamfuta kafin ta shiga. Wanda ya yi haka don gudun kai rahoto ga kamfanin da aƙalla an san adireshinsa, ya miƙa mabuɗin gidansa ga wanda ba shi da suna. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Hanya ta uku ita ce kashe sabuntawa kwata-kwata. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, ta wata kafa da aka riga aka fitar da abin toshe ta tun watan Maris. Waɗanda ba su saka gyaran ba su suka ji a jikinsu. Shagon da ke riƙe da hotunan fasfo da lambobin shaidar ɗan ƙasa da takardun makarantar jama'a ba shi da hurumin yin wannan caca.

Abin da ke aiki ba shi da ban mamaki, kuma yawancinsa bai kai kuɗin fomatin biyu ba. A sauya tsohon faifai da SSD, ko da ƙarami ne, domin wannan shi ne faɗaɗa gadar. A kai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 in da hali. A shiga saitin intanet a shaida wa kwamfuta cewa layin na awo ne, sai ta kame bakinta daga yawancin manyan sauke-sauke. A kashe rahoton ganin dama, da lambar talla, da tura wa wasu gyara. A duba jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, a sallami waɗanda ba a gayyata ba. A ware dare ɗaya a wata, lokacin datar dare mai rahusa, a bar ta ta sha gyaranta. A buɗe ta a hure ƙura bayan hunturu. Ga kwamfutar da Windows 11 ta ƙi kuwa, akwai Linux Mint da Ubuntu da ire-irensu, kyauta, masu sauƙin nauyi, da LibreOffice na buga takardu. Ba zan ɓoye ba, mai zane da CorelDraw ko mai wata tsohuwar na'urar buga takarda zai iya shan wahala a can, kuma ita ma Ubuntu ta taɓa shan suka a 2012 kan tura abin da mutum ya nema zuwa waje don tallar Amazon. Amma ba wasan yara ba ne: a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta kusan 30,000 kan wannan hanya. In jihar da ke da kuɗin lasisi ta ga dacewar haka, makarantunmu da cibiyoyin koyon kwamfuta sun fi ta dalili.

Nauyi mafi girma yana wuyan masu gyara da masu sayarwa, domin da ɗan gari akan ci gari. Su ne ke taɓa kwamfuta kafin ta isa hannun mai ita. Minti goma na saiti a ranar sayarwa zai tsare wa mai saye datar watanni. Mai gyaran da ya zaunar da kwastoma ya ce, "Alhaji, ba bairos ba ne, zo ka ga abin da ke cin ta," wataƙila ya rasa kuɗin fomatin na ranar, amma ya sami mutumin da zai riƙa turo masa dangi. Haka malaman da ke koya wa yara Word da Excel a Narayi da Sabon Tasha. Darasin farko ya kamata ya zama na buɗe Task Manager, yaro ya ga da idonsa cewa na'urar da ke gabansa tana da wasu iyayengiji bayan shi, ya kuma koyi waɗanda zai iya sallama da waɗanda dole a zauna da su.

Bahaushe ya yi fasaha da ya raɗa wa ɗan abin nan da muke turawa a kan tebur suna linzami. Mahayi ne ke riƙe linzami, doki ya bi inda aka juya shi. Mai shagon Kakuri ya biya kuɗin dokin, shi ke sayen harawa, shi ke biyan mai magani. Gobe da safe in an ɗauke wuta ya ja janareta, kibiya ta fara juyi, Anti tana duban agogo, kafin ya ce mata ta ƙara haƙuri, ya danna maɓallan nan uku ya ga wanda ya riga shi hawa.